Muryar da Hajjo Ta Aike Ni Ɗaukowa a Yamai

Asabar: daga Tawa

Tun kafin kiran assalatu na rataya jakata, amma sai da na biya ɗakin mahaifiyata Hajjo, domin tafiyar tata ce, ni ɗan aike ne kawai. Idanunta sun daɗe da mutuwa, kunne ne ya rage mata. Jikanta Sanusi, ɗan ƙanwata marigayiya, ita ta riƙe shi tun daga yaye. Yana karatu a jami'ar Yamai, bana kuma wata ƙungiyar manya, irin masu biyan albashi, ta ɗauke shi mai tsaron raga. Ni kuwa na cika fadarmu ta hira da shan shayi da baki har abokai suka fara janye kujerunsu in na zo. Da labarin ya kai ga Hajjo, abu guda ta roƙa.

"Isuhu, an ce min in yaro ya kama ƙwallo, jama'a na kiran sunanai. Ni ba gani nika yi ba. Ka tahi da wayar nan taka ka ɗauko min muryassu, in ji da kunnena kahin in kwanta dama."

Na ce, "Inna, wanga ai ƙaramin abu ne."

A tasha an rubuta ƙarfe biyar za a tashi, amma ba mu motsa ba sai da direba ya gama shayinsa har kofi na uku. Muka bi ta Badagishiri muka faɗa Tsarnawa, ramukan hanya suna yi mana tausar dole. Bayan Ƙonni jandarmomi suka sauke mu kowa da katinsa a hannu. Wanda ya karɓi nawa ya ga an rubuta malamin makaranta, irin waɗanda ake kira Mushe a wurinmu.

"Mushe, ina zuwa?"

"Yamai, kallon ƙwallo."

Ya ɗago kai ya dube ni sosai. "Babu talabijin a Tawa?"

Na ji haushi, na ce ɗana ne ke wasa a babban fili. Ya miƙo mini katin ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai jinya.

A Dogon Dutsi muka ci shinkafa da wake a tsaye, a Doso muka yi salla. Rana ta yi ja muka shiga Yamai. Na sauka a unguwar Bukoki gidan abokina Alhaji Mamman, mutumin Maradi mai shagon kayan yaji kusa da kasuwar Peti Marshe. Matarsa Tanti Ramatu, Bazabarma, ta cika mini kwano da dambu da kopto, wato kwaɗon zogalensu. Na ce wa Alhaji gobe sai ya raka ni fili.

Ya ce, "Ni? Ai ina da gado a gida. In barci nake so, me zai kai ni can?"

Lahadi: filin manya

Da safe Sanusi ya zo gaishe ni cikin rigar ƙungiyarsu mai sheƙi. Na gaya masa aiken kakarsa. Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalmi.

"Kawu, kada dai ka sa rai da yawa."

Na ɗauka kunya ce irin ta yaro. Ana gama azahar na tari taksi, don kada in rasa wurin zama. Mai tsaron ƙofar fili, da na tambaye shi ko akwai sauran wuri, sai da ya kira abokin aikinsa ya ce in sake maimaitawa.

Fili kam fili ne, ba a cewa komai. Ciyawa kore shar, fitilu dogaye, benaye na siminti hawa bisa hawa, kowane ɗauke da zafin rana ba ɗauke da mutum ba. Da za a tattara mu duka, masallacin unguwarmu ya ishe mu, har a bar sahun baya. A inuwa manyan ƙungiya sun zauna cikin shadda, kowa na magana da wayarsa. Can gefe an ajiye makaɗa huɗu na haya, waɗanda ba sa taɓa ganga sai wani mai jar hula ya waiwayo ya harare su. Kusa da ni kuma samari ne gungu-gungu, kawunansu a haɗe bisa waya ɗaya.

Aka busa usur, na danna ɗaukar murya. Shirun da ke wurin har ya kai ina jin ɗan baya yana cewa abokinsa, "Kai, ba ni mana!" Ina jin mai horar da su yana tsaki. Wasa suke yi na ma'aikata, mai tsabta, kowa na kiyaye ƙafarsa domin da ita yake ci. In an taɓa mutum kaɗan sai ya kwanta ya huta, ba mai ce masa tashi.

Bayan hutun rabin lokaci wani dogon ɗan gaba ya kuɓuce, ya rage daga shi sai Sanusi. Ya ɗaɗa ƙwallo sama ta kusurwa. Yaron nan ya tashi, wallahi ban san yana da wannan tsallen ba, ya doke ta da yatsu ta bi bayan raga. Na miƙe na kwarma, "Sanusi!" Muryata ta je ta bugi benen da ke fuskantarmu ta dawo mini ita kaɗai. Ɗaya daga samarin ya ɗago, ya kira ni kawu da Faransanci.

"Tonton, a hankali don Allah, muna sauraro."

Na zauna. Ba a jima ba ƙwallo ta fita waje, wani ɗan wasa ya durƙusa yana ɗaure takalmi, ba abin da ke faruwa a duniya, sai kawai wuri ya kece da ihu. Samari na tsalle suna rungumar juna, makaɗa suka firgita suka hau kiɗa, har wani mai shadda ya jefar da hula. Na duba fili ban ga komai ba. Ashe wani ne ya ci a ƙasar Turai, cikin waya. Da idona na ga mai riƙe da tuta a bakin layi ya juyo yana tambayar wa ya ci. Mutum ya biya kuɗin shiga, ya zauna gaban 'ya'yan ƙasarsa suna zuba gumi, ya kashe murya saboda wanda bai san da zamansa ba. Tir da wannan kallo.

Aka tashi ba ci. A taksi na saurari abin da na ɗauka: usur, tsaki, wata mai tallar ruwa tana "hari yeno, ruwan sanyi," da ni kaina ina ihu kamar wanda aka yi wa sata. Na yi tunanin in kai wa Hajjo wancan ihun na Turai in ce na jikanta ne, amma babu sunansa a ciki, ita kuwa sunan ta aike ni. Tuwon Tanti Ramatu na ranar, loma biyu na yi na ture.

Litinin: ƙetaren kogi

Sanusi ya ce kada in koma ban ga ɗakinsa na makaranta ba. Bayan la'asar muka hau tsohuwar gada zuwa Harobanda, unguwar jami'a. Tun muna bisa ruwa nake jin wata ƙara kamar ana ɓarin kwanoni. Direban taksi ya ce, "'Yan makaranta ne. Yau 'yan adabi da 'yan shari'a. Ni dai a bakin hanya zan ajiye ku, ban shiga da motata."

Abin da suke kira fili, fegi ne na jar ƙasa. Da toka aka ja layi, ragar kuwa ƙarfe uku ne ba ko zare. Amma mutane! Bisa katanga, bisa rassan bedi, wato dogon yaro, bisa rufin wata matacciyar bas. Sun kwaso faranti da cokula daga gidan cin abincinsu suna dukansu ba tausayi, 'yan mata na rangaɗa guɗa. 'Yan shari'a sun ɗauro laƙatai irin na Turawa a wuya cikin wannan zafi, wani na riƙe da ƙaton littafi yana karanta wa alƙalin wasa doka duk lokacin da ya busa. Masu koyon likita sun sa fararen riguna sun ciro ƙyauren wani ɗaki, da mutum ya yi tuntuɓe sai su ruga su ɗora shi a kai, yana rantsuwa lafiyarsa lau.

Ƙwallon kanta kada ka tambaya. Wanda ya samu ya narka ta gaba, saura su bi ta a guje. Na ga ɗan gaba ya auna raga ya sami mai tallar gyaɗa. Aka yi masa tafi kamar ya ci, 'yan ɓangarensa kuma suka tsara masa waƙa nan take. Na ce a raina, ga iyaye can ƙauye sun sayar da akuya don waɗannan su zama manyan gobe.

Muna ratsa taron sai wata doguwar yarinya mai riƙe da ludayi ta hango Sanusi. Ta buga faranti sau biyu, ɓangaren 'yan adabi gaba ɗaya ya juyo, suka ɗauka:

"Angon Hajjo ya ƙi mu, ya bi masu shadda!"

Na tsaya cak. Na ce, "Wa suka ce?"

Sanusi ya rufe fuska da hannu. Yarinyar, Nana sunanta, 'yar Damagaram, ita ta ba ni labari tana dariya. "Tonton, kai ne kawun? Ai duk Juma'a tsohuwar na kiransa, wayarsa kuma ba ta ji sai a lasifika. Sai mu ji tana cewa, angona, ka ci abinci? Angona, kada ka yi min kishiya a Yamai. Duk benenmu ya san Hajjo. Shekara biyu yana tsare mana raga da wannan suna, sai bana ya yi girma."

Na laluba aljihu na danna ɗaukar murya a waya.

Ana cikin haka mai tsaron ragar 'yan adabi ya gurɗe yatsa, wannan karon da gaske, likitocin ƙyaure suka samu abin da suke nema. Jama'a suka koma kiran suna ɗaya, suna buga ƙasa da ƙafa. Sanusi ya dube ni.

"Kawu, an hana mu wasa a nan. In ƙungiya ta ji, za a ajiye ni a benci."

Na ce, "Wa zai gaya musu? Mutanen da jiya kana gabansu ba su gan ka ba? Shiga."

Mai littafi ya yi tsalle ya ce ba a yarda ba, wannan ɗan albashi ne. Alƙali ya ce a nuna katin makaranta, Sanusi ya nuna, gardama ta mutu. Ya karɓi safar hannu mai huda ya tsaya tsakanin ƙarafan nan. Harin farko ya cafke ta a ƙirji ya faɗi cikin ƙura, kamun da ko ni zan iya. Sai da ƙasa ta girgiza. "Angon Hajjo! Angon Hajjo!" Na nemi dattakuna na malamin makaranta na rasa, sai ganina na yi da cokali a hannu ina dukan farantin wani.

'Yan adabi ba su ci wasan ba. Dab da tashi aka ba 'yan shari'a bugun daga kai sai mai tsaron gida, Sanusi ya faɗi dama ƙwallo ta bi hagu. Duk da haka suka ɗaga shi bisa kafaɗu suka zagaya fegin da shi, 'yan shari'a na biye suna yi masa waƙar tsiya, su ma da sunan nan a bakinsu.

Talata: komawa

Alhaji Mamman ya kai ni tasha da asuba bisa babur ɗinsa, Tanti Ramatu ta ƙulla wa Hajjo yaji da sabulu. Allah ya saka musu, ya bar zumunci. Muryata ta dishe ƙaf, har jandarman Doso ya tambaye ni ko mura ce. A nan na goge abin da na ɗauka ranar Lahadi, ban ga wanda zai yi kewarsa ba. Muka wuce Dogon Dutsi da Ƙonni lafiya, muka shiga Tawa ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya maido ni.

Na tarar da Hajjo bisa tabarma a ƙofar ɗakinta. Ko sannu da hanya ba ta gama ba ta miƙo hannu.

"Ka samo?"

Na zauna kusa da ita na kunna. Ƙarar faranti ta fara fitowa, ta ɗan ja baya. Ta ce, "Wane ne wanga mai kururuwa kusa-kusa, kamar an taka mai ƙahwa?" Na ce wani ne dai cikin jama'a. Sai waƙar ta taso, baki ɗaya, sarai.

Ta ƙame. Ta kamo hannuna da wayar ta manna a kunnenta.

"Isuhu, mi suka ce?"

"Abin da kika ji, Inna."

"A Yamai?"

"A Yamai."

"Ni da ko Ƙonni ban taɓa wucewa ba." Hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. Can ta ce in mayar daga farko.

Na mayar. Ta gyara zama, ta gyara lulluɓi kamar mai karɓar baƙi. Taron ya ce, "Angon Hajjo!"

Ta ɗaga murya ta ce, "Na'am!"