Taƙi guda da na yanke a gorar yayana

Shekarun baya, cikin daminar da ta biyo bayan babban fari, ina gona ina noman gero sai na hango abokina yana tahowa da gudu. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Aje hauyar nan. An ga jirgin yayanka a bakin gulbi, a kife."

Na ce, "Shi fa?"

Ya ce, "Jirgin dai aka gani."

Yayana masunci ne, kuma makaho. Idonsa ya tafi tun yana saurayi, amma bai bar tabkin Madarumfa ba. Yana da doguwar gora da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. In ya caka ta har ƙasa ya ɗago, sai ya shafa ya ji inda ruwa ya tsaya, da haka yake sanin inda yake. In kuma yana son sanin inda goshin jirgi ya nufa, sai ya ƙwanƙwasa gefensa, ya saurari amsar da itatuwan cikin ruwa za su mayar masa. Hanyarsa ɗaya ce kullum: in ruwa ya kai tsaga ta biyar, ya juya dama, nan ragarsa take.

Ni da na yi aji uku a lakwal, wato makarantar boko, nakan tsokane shi. "Yaya, wannan awon naka ko nasara sai ya sara maka." Sai ya ce, "Kai da idonka biyu ka ɓata a kasuwar Ɗan Issa, rufa mana baki."

Kwana biyu kafin ranar, na ga gindin gorar ya tsage. Na ce bari in yi abin kirki. Na sa adda na datse wurin, kamar taƙi guda, na goge, na jingine ta inda take. Na yi niyyar gaya masa. Noma ya ɗauke mini hankali, na manta.

Sai washegarin ranar da aka ga jirgin aka same shi, aka yi masa sutura. Gorar kuma aka tsinto a cikin ciyawa, aka kawo wa mahaifiyata. Da na ga sabon yankan, sai na tuna abin da na yi da adda.

Bayan sadakar bakwai, na roƙi abokina ya tuƙa ni. Muka bi hanyar yayana, ina caka gorar ina dubawa. Ruwa ya kai tsaga ta biyar tun ba mu je kusa da ragarsa ba. Na ce, "Tsaya." Na dubi dama. Bakin gulbi ne, inda ruwa ke shigowa da ƙarfi. Yayana ya juya daidai yadda ya saba. Gorar ce ta yi masa ƙarya.

Abokina ya ce, "Mi ka gani?"

Na ce, "Ba komi. Mu koma."

Da na shiga gida, mahaifiyata ta ce, "Shekara ashirin bai taɓa ɓata ba. Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Na yarda kwana ne, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Amma tun daga ranar ba na gyara kayan aikin mutum sai na tambaye shi, ko da allura ce. Abin da na gani a matsayin tsagaggen gindi, shi idonsa ne.

Gorar tana ɗakina har yau. Na yi ta jiran ranar da Inna za ta iya jin maganar. Ta rasu ban gaya mata ba.