Ɗigon Tungar Jatau

Wata rana, Talata, sha huɗu ga watan Maris, ƙarfe tara da kwata na safe, motar haƙar burtsatse ta tsaya a gindin wata kuka.

Rijiya ɗaya tak aka ware wa mutanen Tungar Jatau. In aka haƙa ta a inda ba daidai ba, babu ta biyu.

Injiniya Saratu ta dubi kwamfutarta. A taswirar da ke ciki, jan ɗigo ya zauna daram a kan sunan garin. Ta ce a sauke kaya.

Direban, Malam Dogara, tsoho ne da ya yi shekara talatin yana ja wa 'yan safiyo masu auna ƙasa sarƙar awo kafin ya koma tuƙi. Ya sauko, ya zagaya.

Babu kashin awaki.

Babu toka, babu sawun ƙafa.

Sai tsingaro, da wasu tsibin ƙasa a jere, ya ƙirga goma sha ɗaya. Ya cire hularsa.

"Ranki ya daɗe, nan kufai ne."

"Baba, shafuka uku na duba a intanet. Duka ukun nan suka nuna."

"To, cikin su ukun, wa ya tako nan da ƙafarsa?"

Saratu ta koma kan kwamfutarta. Sai ta gangara can ƙasan kowane shafi, wurin ƙananan rubutun da ba mai karantawa.

Na farko ya kwafo daga na biyu. Na biyu ya kwafo daga na uku. Na uku kuwa daga wata taswira ya ɗebo, wadda aka zana tun kafin a haifi mahaifiyarta.

Shaidu uku, ashe baki ɗaya ne.

Wata mata da ta zo ɗibar ganyen kuka ce ta warware musu sauran. Ambaliya ta tashi garin shekara talatin da biyar da suka wuce. Suka ƙaura hayin fadama, tafiyar awa biyu, suka tafi da sunansu. Tunga ai zango ce, ba a haife ta da saiwa ba.

Ma'aikata suka yi ta gunaguni suna mayar da bututu mota. Saratu ta sa matar a gaba, ta nuna hanya. Ranar Juma'a ruwa ya fito a tsakiyar mutane.

Taswirar kuwa ba wanda ya gyara ta.

Waɗanda suka rage a kufan: kukar, kaburbura goma sha ɗaya, da jan ɗigon nan, yana jiran wani mai sauri.

Darasi: Kafin ka yarda da taswira, ka tambaye ta abu uku. Wa ya auna? Yaushe? Ya je wurin, ko ji ya yi? Yawan masu maimaita magana ba ya mayar da ita gaskiya.

Ka tura wa duk wanda ka san yana yanke wa mutane hukunci daga kan kujera. Wataƙila akwai garin da ke jiran ruwa.