Igiyar Iya Dije

A shekarun fari, lokacin ina ƙarama, rijiyar ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa ta ƙafe. Kullum da safe sai a ɗaura wa babana igiya a ƙugu, a zura shi ya ƙara haƙa. Da yamma kuma, bayan mun ci kwaɗon tafasa wanda bai kai ko'ina ba, kakata Iya Dije ta hura wutar kara, ta baje zani a cinya, ta ɗauko rama tana tufka. Ba don nishaɗi take mana tatsuniya ba, don mu daina kukan yunwa ne.

"Ga ta nan, marasa kunya," in ji ta.

Mu ce ta zo mu ji ta, ko da ba ta zo da tuwo ba.

Guda ɗaya ta fi maimaitawa. Wai a wani gari rijiya ta ƙafe, aka rasa mai shiga sai ɗan wata tsohuwa, shi kaɗai gare ta. Mai tufka ya kawo igiya sumul, tana sheƙi, alhali ruɓaɓɓiyar rama ya cusa a ciki. Kowa na yabawa. Tsohuwa ta shafa ta ce, "Kai, ta yi kyau! Ku ɗaura wa mai tufkar, shi za a fara zurawa."

A nan Iya takan maƙale murya ta kwaikwayi mai tufka: "Wayyo, ƙuguna ciwo yake! Bari in je gida, akwai wata." Mu yi ta dariya har ciki ya murɗa. Sai ta ce, "Ƙurunƙus. Ku kwanta kafin cikinku ya tuna."

Yanzu ni ce tsohuwar. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, saura Habibu da adaidaita sahunsa, wanda da shi gidanmu ke ci. Da tsadar rayuwa ta shaƙe mu, ya yi ta taka tsohon birki ba canji har ƙarfe na cin ƙarfe. Wata ranar kasuwa, da buhunan gero da mata a baya, ya taka a gangaren rafi, keke ya ƙi tsayawa. Allah ya sa cikin tarin kara ya faɗa. Ya dawo leɓe a fashe, yana cewa gobe ma zai fita.

Na ce, "Sai dai ka bi ta kan gawata."

Na sayar da tunkiyata ta ƙarshe, na tasa shi gaba zuwa shagon kayan gyara, mu sayi takalmin birki, wato abin da ke damƙe ƙafa in an taka. Sayen sau ɗaya ne, ba ni da wata tunkiyar. Mai shago ya ajiye kwali biyu. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, don haka na karanta su tsaf. Kowanne ya rantse shi ne na asali.

Ya tura mini ɗaya, mai sheƙi. "Hajiya, wannan ki ɗauka. Kamar an ɗaure keke a turke."

"Ban je Makka ba, kira ni Baba. Ka tabbata?"

"Wallahi, Baba."

"Madalla. Bakanike ya ɗaura, mu loda buhuna, ka zauna a baya mu sauka gangaren rafi."

Habibu ya sunkuyar da kai. "Inna, don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla. Ranar makokinka ma za su kalla."

Mai shago ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba, sai ya ce ba shi da mai tsaron shago. Na ce bakanike zai tsare. Ya ce motsin keke na tayar masa da zuciya. Na ce to, ashe kai ma ƙugunka ciwo yake. Bai gane ba, amma ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wani a tsohuwar leda, mai nauyi, fatarsa da kauri da kaushi.

"Wannan zan hau," ya ce, bai kalle ni ba.

Da bakanike ya ɗaura, ya hau kuwa. Ni ma na hau kusa da shi, na riƙe ƙarfe ina salati. Habibu ya taka a tsakiyar gangare, buhu ya daki bayana, keke ya tsaya cak.

A nan na tuna abin da na sha gani ina yarinya ban fahimta ba. Kowace safiya, kafin babana ya fita, Iya Dije takan jefa igiyar da ta tufka a reshen ɗorawa, ta naɗe hannu, ta ɗage ƙafafu ta yi reto. Mu muna tsammanin wasa take, har muna tafi. A tatsuniya mai tufka ya gudu. A gidanmu mai tufkar uwa ce, ba ta da inda za ta gudu, sai ta fara rataya nauyinta a igiyar kafin ta miƙa ɗanta.