Ranar da Kaka Ya Ɗauki Mesa a Wida

Matso nan kusa, ja tabarmar ka zauna, akwai abin da nake so in gaya maka tun jiya. Maƙwabciyarmu ce ta soya kifi da manja, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsince wake. Wallahi sai da na ajiye faifan. Ƙamshin nan ya ɗauke ni ya kai ni wani gari na bakin teku, inda na taɓa zama a kan benci ina 'yar shekara tara, ƙafata da ƙyar take taɓa ƙasa.

Ka san ni ba mai yawo ba ce. A Kwandiko aka haife ni, aure ya kawo ni Birnin Kudu, ko Kano sai in yi shekara biyar ban leƙa ba. Amma sau ɗaya a rayuwata na ƙetare iyakar ƙasa har biyu a mota, kuma sunana ne ya jawo mini.

Sunan yayar kakana aka sa mini. Ita tun tana amarya mijinta, wani falken goro, ya yi kudu da ita, suka yi ta gaba har suka zauna a zangon Hausawa na Lome. Shekara kusan hamsin ba ta sake taka gida ba. Kaka, wato mahaifin babana, ba ya iya kama sunana saboda girman yayarsa, sai dai ya ce mini Yaya. Tsoho da furfura har gemu, ya tsaya a tsakar gida yana cewa, "Yaya, miƙo mini buta." Ni kuwa in tura baki in ce, "Ƙanena, fara gaishe ni tukuna."

Kaka shi ne ladanin unguwarmu. Shi kuma ake kira in maciji ya shiga ɗaki ko rumbu. Yana da wata gora da ta sha hannu har tana sheƙi, ba ya rabuwa da ita. A wurinmu ba a tsayawa shawara a kan maciji, in ka gan shi ka kashe shi, ka yi wa jama'a aiki. Shi kuwa har da ciwo a zuciya, don kububuwa ta taɓa kashe masa ɗa a gonar gyaɗa tun ba a haife ni ba.

Wata shekara, an gama girbi, an cika rumbuna, sai ga wasiƙa da ajami ta hannun wasu fatake. Liman ya karanta a zaure: Yaya babba tana kwance, abinci ya fara ƙin shiga, tana so ta ga ƙaninta da takwararta kafin ta tafi. Wasiƙar ta yi mako uku a hanya. Kaka ya ce, "In mun same ta."

Lokacin nan ne kuɗin mai suka fara shigowa, kowa yana sayen keke da rediyo. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya sayi akori-kura, yana kai wake da barkono Ikko, ya wuce Kwatano ya saro atamfa. Shi ya ce zai kai mu. Ya nemo mana takardu, aka sa ni a gaba tsakaninsa da Kaka, gorar tana tsaye tsakanin gwiwoyin tsohon.

Me zan fara faɗa maka ne? Gadar Jaba, da muka hau kogin Kwara, ƙarfe yana kuka a ƙarƙashinmu, Kaka yana jan carbi da sauri-sauri. Kurmin da itatuwa suka haɗe kai a saman titi har rana ta ɓace mana da hantsi. Ruwan sama yana zuba a lokacin da mu a gida har an fara sassabe karan dawa. A Ikko na ga hanya a kan hanya, motoci sama, motoci ƙasa, na sunkuyar da kai don kada ta faɗo mana. Da muka isa iyakar Dahomai wani jandarma mai gajeren wando ya ɗaga hannun rigata ya duba tabon lamba a damtsena, ya yi wani yare ta hanci, ya buga hatimi. Na yi ta neman iyakar da ido, na zaci zan ga katanga ko ganuwa. Ashe sanda ce guda a gicciye, wani ya ɗaga ta muka wuce.

A Kwatano muka ga teku. Kawu ya tsayar da mota musamman don Kaka. Tun kafin ka gan shi kake jin rugugi kamar hadarin da ba ya ƙarewa. Kaka ya cire takalmi ya taka rairayi, ya jira ruwan ya zo da kansa, ya dangwala yatsa ya lasa, ya tofar.

"Allah mai iko," ya ce. "Ruwa har ƙarshen ido, amma ba zai shayar da fangali ɗaya na albasa ba."

Kwana na huɗu da fitowarmu, wajen hantsi, muka tsaya cin abinci a wani gari da ake ce wa Wida. Kawu ya ce daga nan Lome ba nisa, kafin la'asar muna can. Wata mata mai ƙaton ɗankwali ta zaunar da mu a benci ƙarƙashin rumfa. Ta kawo agidi fari tas a naɗe cikin ganye, da kifi soyayye da manja, da wani yaji ɗanye da aka niƙa da tumatir da albasa. Ta sare kan kwakwa ɗanya da adda ta miƙo mini, na sha ruwa mai zaƙi daga cikin ɗan itace, na rasa wanda ya zuba shi a ciki. Kaka kuwa tun daga gida bai ci abincin kowa ba, gumbarsa yake damawa a ƙoƙo.

Ina cikin cire ƙaya sai na ji wani sanyi ya gogi diddigena. Na duba. Mesa ce, ba babba can ba, kaurinta kamar damtsen mutum, baƙi da ruwan zuma a jikinta kamar zanen atamfa. Tana tafiyarta a hankali tsakanin ƙafafun mutane, mai abincin ma ta gan ta, ta ɗaga ƙafa kawai ta ba ta hanya.

Kaka bai tsaya tambaya ba. Gora ta tashi ta sauka. Kafin ya ƙara ta biyu Kawu ya riƙe ta daga baya yana cewa, "Baba! Baba, tsaya!"

Mesar ta dunƙule wuri ɗaya, ta cusa kai a tsakiya. Mai abincin ta ɗora hannu biyu a ka ta ƙwalla ƙara irin wadda ake yi in an yi mutuwa. Nan da nan kasuwa ta watse ta dawo kanmu. Maza da mata, ana ta nuna Kaka, wani ya zare makullin motar ya riƙe. Kaka yana tsaye yana juyawa, shi a zatonsa godiya za a yi masa.

"Direba, me suke cewa? Ba su ga ƙafar yarinya ta nufa ba?"

Allah ya kawo wani mai tsire, Bagobiri, wanda ya daɗe a garin yana jin yarensu. Ya kutsa ya shigo yana goge hannu a riga.

"Baba, sannu da hanya, amma ka yi ɓarna. Mutanen garin nan mesa abin bautarsu ce. Gida guda aka gina musu, su fito su sha iska, wanda ya tsince su ya mayar. Ba ta cizo. Ko da wasa ba a taɓa ta."

Aka buɗe hanya, wani tsoho ya iso, farin zane ɗaure a ƙirji, kafaɗa a waje, da tsaga bibbiyu a goshi da kumatu. Shi ne mai kula da gidan. Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya daɗe yana duban mesar, sannan ya yi magana, mai tsire yana juya mana. Ya ce baƙo ne, bai sani ba, don haka ba za a taɓa shi ba. Amma abu biyu ne, ya zaɓa. Ko mu zauna a garin kwana bakwai a ga ko za ta rayu, ko kuma wanda ya doke ta ya ɗauke ta da hannunsa ya mayar da ita gida.

"Kwana bakwai!" in ji Kawu. "Baba, ka tuna wasiƙar nan mako uku ta yi."

"Ni?" Kaka ya ce. "Ni da nake kiran salla, in ɗauki abin bautar wani in kai gidan tsafi? Da wane baki zan koma in hau kan dakalin masallaci?"

Kawu ya ce shi zai ɗauka, tsoho mai kula da gidan ya girgiza kai. Rana tana ta hawa, kifina ya huce, ƙudaje sun sauka a kai.

Mai tsire ya matso ya rage murya. "Baba, ba su ce ka yi sujada ba. Kai manomi ne. In akuyar maƙwabcinka ta shigo maka ka doke ta, wa zai kai ta gida ya ba da haƙuri?"

Kaka ya juyo. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, kamar ba ni yake gani ba. Sannan ya ce, "Gaya masa ba zan rusuna ba. Ba zan cire hula ba. Ba zan faɗi wata kalma tasu ba. A bakin ƙofa zan tsaya."

Aka juya wa tsohon. Ya ce ya yarda, sai dai takalmi.

"Takalmi kam, ko gidan wa na je ina cirewa."

Ya miƙo mini gorar. "Riƙe, Yaya." Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla a bayyane, kowa ya ji, ya sa hannu biyu ya tallabo ta kamar mai ɗaukar jariri ranar suna.

Ɗan'uwa, ban san yadda zan kwatanta maka tafiyar nan ba. Kasuwa guda ta yi tsit. Kaka yana gaba, gumi yana ɗiga daga gemunsa, mu muna biye. Can mesar ta zaro kai, ta naɗe masa damtse a hankali, ta kwantar da kai a kafaɗarsa kusa da wuya. Na ji yana karanta duk abin da ya sani, leɓɓansa suna motsi, amma bai jefar ba.

Gidan ba wani ƙasaitaccen gini ba ne. Fili ne da katanga, da wata itaciya da mutum biyar ba za su zagaye ta da hannu ba, an ɗaura mata farin ƙyalle. Ga 'yan ɗakuna kewayayyu masu jinka, na rantse da a garinmu ne sai in ce rumbuna. Na leƙa ta bayan Kawu. A ɗaya daga ciki mesoshi ne jibge, wata kan wata, kamar an tara igiyoyin guga na gari guda, suna motsi ba sauti. Daura da ƙofar kuma, tsallaken titi, coci ne dogo har sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Muna nan tsaye sai ga kiran azahar daga wani lungu, da Larabci, irin na gida sak. Tsigar jikina ta tashi. Ni a lokacin ban san duniya tana da faɗin da za ta ɗauki duk waɗannan a unguwa ɗaya ba.

Kaka ya tsuguna a bakin ƙofa ya sauke ta. Ta warware, ta ja jiki ta shige, ko ɗingishi babu, in maciji yana ɗingishi. Tsohon ya bi bayanta da yatsa, ya miƙe, ya sa aka ba Kawu makullinsa. Sai ya shiga ciki ya fito da ruwa a ƙwarya, ya nuna wajen da kiran salla yake fitowa, ya miƙa wa Kaka da hannu biyu. Kaka ya ɗan tsaya. Sannan ya karɓa, ya koma gefen titi ya yi alwala.

La'asar sakaliya muka shiga zangon Lome. Muka sami Yaya babba a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ta shafa fuskata da tafin hannu mai sanyi, ta ce, "Ashe haka nake da kyau." Ta tambayi tsamiyar ƙofar gida, ta tambayi rijiyar bayan masallaci, ta tambayi mutanen da duk sun mutu. Da Kawu ya ba ta labarin Wida, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wannan? Wannan da in ya ga ƙadangare yake shigewa cikin zanena?"

"Yaya, a gaban yara?" in ji Kaka, hawaye yana bin gemunsa.

Ran nan ta sha gumbar gida, ludayi uku, jikokinta suna ta mamaki. Kwana huɗu muka yi da ita. A na biyar da hantsi Allah ya karɓi abinsa, Kaka ne ya tsaya a sahun gaba wajen sallar jana'iza.

Da muka dawo bai hau kiran salla ba sai da ya je ya zayyana wa liman komai. Liman ya ce bai ga laifi ba. Duk da haka, har Kaka ya bar duniya in zancen ya taso sai ya yi istigfari, sannan ya ce, "Amma dai na same ta."

Yanzu jikokina suna nuna mini garin a waya. Wai baƙi daga ko'ina suna zuwa, a rataya musu mesa a wuya, su yi dariya a ɗauke su hoto, su hau mota su wuce. Tafiyar da muka yi a kwana huɗu, yau yaro yana kwance a ɗaki yake gama ta da yatsa. Ban ce ba kyau. Sai dai ni na ga mutum ya ɗauki abin nan ba da dariya ba, yana tsoron Allah, yana tsoron abin da ke hannunsa, yana tsoron kada ya makara.

To kai fa, da kai ne a tsakiyar kasuwar nan, yayarka tana can kwance tana jiranka, hannu za ka sa ka ɗauka, ko kwana bakwan za ka zauna?