Abin da ban fassara wa Baba ba

Wani siririn kuka na'urar take yi kafin ta saki wuta, kamar kukan sauron fadama idan ya matso kunne, yana ƙara tsini har sai mutum ya runtse ido. Daga nan sai gado ya girgiza, ƙaurin gashi ya cika ɗakin. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sahabi, manomin shinkafa a Kalgo, amma har yau idan ana babbakar kaza a maƙwabta sai in tsinci kaina a bakin ƙofar wani ɗakin asibiti a Sakkwato, rungume da rigarsa da hularsa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Inna yake kirana. A lokacin ina da shekara goma sha bakwai, ina makarantar horon malamai, na zo hutu. Na tarar da shi ya sauya. Mutumin da ke saɓa buhun shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, shi kaɗai ya koma yana hutawa sau biyu tsakanin gida da masallaci. Yakan dafa ƙirji ya ce zuciyarsa ta zama kifin da aka jefo bisa tudu, sai fal-fal take yi, babu tsari.

Muka tafi Gwandu wajen yayarsa, Gwaggo Hausi, wadda ita ta goya shi, kuma ba ya ƙetare maganarta. Ta dube shi ta ce mugun jini ne ya taru, a fitar. Aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho shida a baya, uku dama uku hagu. Ni ce na riƙe ƙwaryar ruwan wankewa. Ban ga laifin abin ba a ranar, kuma har yanzu ba na zargin wanzamin, abin da ya gada ya yi. Bayan kwana uku numfashi ya ƙara tsananta, ma'aikacin ɗakin shan magani na Gwandu ya taɓa hannunsa, ya rubuta mana takarda zuwa Sakkwato.

Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, sai na zama tafinta. Ya yi mini bayani a hankali, yana zane a bayan wata takarda. Ya ce ɗakunan sama na zuciyar Baba karkarwa suke yi maimakon bugawa, kuma za a iya dawo da su kan hanya da wutar lantarki sau ɗaya, bayan an sa shi barci. Faifai biyu na ƙarfe ake ɗorawa a jiki, wutar ta ratsa daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma dole zuciya ta kasance a tsakiyarsu. Ga mai faɗin ƙirji irin na Baba, shi ya fi son ɗaya a gaba, ɗaya a baya ƙarƙashin allon kafaɗar hagu.

Da na mayar masa da Hausa, Baba ya yi dariya har da tari.

"Inna, ce mashi ni ba motar Jega ba ce da za a tada ni da batir."

Na fassara, likitan ma ya yi dariya. Dariyar ta tsaya lokacin da Baba ya tuɓe riga ya juya baya. Tsagar ƙahon ɗanya ce, biyu daga cikin na hagu sun fara ruwa, daidai inda faifan zai zauna. Likitan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ba zai ɗora ƙarfe a kan miki ba. Sai ya sa ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. Sau biyu na ji kukan nan daga bakin ƙofa. Sau biyu zuciyar ta daidaita na ɗan lokaci, ta sake kwancewa.

Da Baba ya farfaɗo sosai, likitan ya zauna a gabansa ya yi magana yana kallon idonsa, ni ina gefe. Ya ce a sha ƙwayoyin nan kullum ba fashi. Ya ce lallai a dawo bayan mako huɗu, idan tsagar ƙahon ta warke, a gwada gaba da baya. Ya ce idan aka bar zuciyar haka, jini na iya dunƙulewa a cikinta, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, ko rai ya yi halinsa.

Baba ya juyo gare ni. "Mi yac ce, Inna?"

Na dubi mutumin nan da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ƙirjinsa da jajayen tabo biyu, sai bakina ya ƙi ɗaukar maganar. Na ce, "Ya ce zuciyarka gajiya ta yi, Baba. Ka huta, ka riƙa shan magani, in ka samu sarari ka leƙo."

"To, madalla. Ashe ba komi."

Na ce wa raina zan gaya masa sauran a mota. A mota na ce sai mun isa gida. A gida na ga yana cin tuwo da marmari, na ce bari sai gobe. Hutu ya ƙare, na koma makaranta da maganar a cikina. Na fara rubuta wasiƙa sau uku, kowane lokaci sai ta koma labarin damina da gaisuwar mutanen gida. Mako na bakwai, ana tsakar yankan shinkafa, ya faɗi a gona. Ya yi kwana biyu ba ya magana. Kafin saƙo ya iso ni an riga an kai shi makwancinsa.

Tun daga nan abubuwa da yawa sun sauya. Kabi ta zama jiha, Kalgo ta samu ƙaramar hukumarta, ni kuma ina koyarwa a Gwandu. Nakan yi tunanin abin da zai ce. Ina jin zai saurari labarin sababbin ofisoshi har ƙarshe, sannan ya tambaya ko ruwan fadama ya ƙaru. Na taɓa tambayar wani likita ko da an samu sa faifan a baya da zuciyar ta tsaya daidai. Ya ce mai yiwuwa, amma babu wanda zai rantse. Wannan bai rage mini komai ba, domin ba wurin faifan ne ke hana ni sukuni ba. Na ɗauki taushin baki a matsayin ƙauna, na hana mutum sanin abin da ya shafi ransa. Abin da ya rage mini daga gare shi shi ne haƙurin sauraro, da kuma wata ɗabi'a da ban gada ba, koya na yi da tsada: idan aka sa ni raka mara lafiya asibiti, nakan mayar da maganar likita yadda take, komai ɗacinta.

Bara, ina yanke wa Gwaggo Hausi farce a tsakar gidanta, na kasa riƙewa, na gaya mata abin da na ɓoye shekara goma. Ta janye hannunta ta dube ni.

"Ke ɗiyar nan, wannan kika ɗauko duk shekarun ga? Ai ya sani."

Ta ce kwana biyu da komawata makaranta ya kai takardar sallamar da likitan ya rubuta masa wajen wani malamin firamare a Kalgo, aka karanta masa ita kaf. Da mako huɗu suka cika ya biyo ta Gwandu, ya tuɓe riga ya sa ta duba bayansa, ta ce ya warke sumul. Ya roƙe ta kada ta gaya mini, wai kada in ji kunya. Ya hau mota shi kaɗai, ya isa Sakkwato ranar da aka rubuta masa. Ya tarar likitan ya koma ƙasarsu, na'urar tana kulle a ɗaki, babu wanda ya iya aiki da ita.