Randar Sobiyar Sitti

Ƙamshin jiƙaƙƙen sha'ir da kirfa nake fara ji duk lokacin da ranar ta faɗo mini a rai. Ina durƙushe a ɗan kicin ɗinmu na unguwar Bagdadiyya a Jidda, fanka tana kai zafi daga wannan bango zuwa wancan, ni kuma ina ɓarɓasa busasshen burodi a cikin randa.

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Sitti, ta daina cin abinci a lokacin. Shekara da shekaru ita ce mai sobiyar unguwarmu, wannan farin ruwan sha'ir da ake bari ya ɗan yi tsami kafin a sha shi da sanyi. Da aka sallamo ta daga asibiti aka ce a kula da ita a gida, abu ɗaya kawai ta roƙa.

"Da zan samu sobiyata, ko kurɓi ɗaya ne."

Umma ta sayo mata ta kasuwar Bab Makka. Sitti ta ɗanɗana, ta ture kofin. "Wannan ruwan sukari ne."

Sai na ce ni zan yi. Na zauna a bakin gadonta da biro da takarda.

"Sha'ir, burodin da ya bushe, kirfa, hel ɗin da ake sa wa gahawa," ta ce. "Ki zuba a randata. Bayan kwana biyu ki kara kunne."

"In saurari me, Sitti?"

"Za ta yi miki magana. Ke 'yar boko, komai sai an rubuta miki? Mijinki ma a takarda za ki dafa masa?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Na sauko da randar daga soron sama. Ta ƙasa ce, bakinta ya ɗan tsage, cikinta ya yi duhu, wani tsohon tsami yana tashi daga ciki. Ina shekarar ƙarshe a kwaleji, na san ƙwayoyin cuta har da sunayensu, kuma mara lafiya zan ba. Na sa sabulu da soson ƙarfe da tafasasshen ruwa, na dirje ta sau uku har jan ƙasarta ya fito. Na kife ta a rana ta wuni. Na tuna har daɗi na ji da na ga tana sheƙi.

Bayan kwana biyu na kara kunne. Shiru. Rana ta uku ma shiru, sai wani koren gansakuka da ya kwanta a saman ruwan. Na zubar.

A karo na biyu na yi dabara irin tawa. Na zuba yis ɗin burodi, na ɗaure bakin randar da leda tamau, na bar ta kwana huɗu cikin zafin Jidda. Wannan karon ta yi magana, har ledar ta kumbura kamar za ta fashe. Na kira Umma da murna. Tana kwance igiyar ta ja da baya, ta toshe hanci da mayafi.

"A'uzu billahi! Ke, kin san me kika haɗa? Giya ce wannan!"

"Umma, sobiya ce, wallahi abin da Sitti ta faɗa na zuba."

"Sitti ta ce ki sa yis? Yalla, rufe tagar nan. In maƙwabta suka ji warin nan me za mu ce? So kike iƙamar babanki, takardar zamansa a ƙasar nan, ta tashi a kan randa?"

Muka tuttular da ita a magudana, Umma tana bin ta da bokitin ruwa tana salati. Ta sa na sake wanke randar, na wanke ina kuka. Daga ɗaki Sitti tana tambaya, "Ta yi?" Na ce saura kaɗan.

Kullum hannunta ƙara sirancewa yake. Zoben azurfarta ya fara zamewa, Umma ta naɗa masa zare.

Karo na uku na bi a hankali. Ban sa yis ba, na rufe da farin ƙyalle, na tace da safe, na sa sukari da ƙanƙara. Ba ta lalace ba, ba ta kuma yi kumfa ba. Fara ce, mai ƙamshin hel. Na ɗago kan Sitti na kai mata kofin baki. Ta riƙe kurɓin a bakinta tsawon lokaci kafin ta haɗiye.

"Ba ita ba ce, ya binti."

"Zan sake, Sitti."

"A randata kika yi?"

"A cikinta."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya fuskarta bango. "To, halas, shi ke nan. Ita ma ta manta ni."

Ba ta ƙara neman sobiya ba. Na jiƙa wani sha'irin duk da haka, yana cikin randa ta rasu. Babu wanda ya tuna da shi sai da wari ya kai falo inda mata ke zaman makoki.

Shekaru sun shuɗe kafin na haɗu da wata tsohuwa a Bab Makka, ƙawar Sitti, tana zaune kusa da masu yadi. Na ba ta labarin, har ina ƙoƙarin mai da shi abin dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce randar sobiya ba a taɓa sa mata sabulu, ɗauraye ta kawai ake yi da ruwan sanyi. Tsamin da ke tayar da sabon haɗi a jikin ƙasar yake zaune, kowace sobiya tana bar wa ta bayanta. Wanda ke cikin randar Sitti kuwa, tun na mahaifiyarta ne.