Inna Mai Raba Ƙwaya Kamar Goro

Na yi yawo, daga Fatakwal har Agadas, na duba marasa lafiya iri-iri, amma in dai ina numfashi, wata tsohuwa 'yar ƙauyen Karakkai ba za ta fita raina ba.

Lokacin jihar Zamfara tana jaririya, ni kuma ina koyon aikin likitan iyali, aka turo ni daga Gusau zuwa wani ƙaramin asibiti a Bungudu. Wata rana tsohuwar, da ake kira Inna, ta shigo tana dogara sanda, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ne likitan? Ai jikana ne. To, na samu miji." Daga ranar na zama "maigida", irin wasan kaka da jika.

Jininta ya hau sosai. Na ba ta ƙwaya, kullum ɗaya. Ta dawo, jini na nan inda yake. Na ƙara ƙarfin maganin, shiru. Ta rantse tana sha, kuma Inna ba ta ƙarya. Tsoro ya kama ni, don na san ƙarshen wannan hanya shanyewar ɓarin jiki ne.

Wata safiya na hau babur ɗin aro, sai gidanta. Muna cikin gaisawa ta kwance bakin zane, ta ciro ƙwayar, ta sa farce ta raba ta biyu. Ta haɗiye rabi, ta miƙa rabi ta saman danga. Wani hannu mai tamoji ya karɓa.

Na ce, "Inna, me nake gani haka?"

Ta ce, "Maigida, ƙawata ce. Tun muna 'yan mata ban taɓa cin goro ita ba ta ci ba. Ita ma kanta na sara."

"Ai rabi ba zai yi miki aiki ba."

"To in warke ni kaɗai, in zauna da wa?"

Faɗan da na shirya duk ya narke. Na zagaya na auna ƙawar, ashe nata ya ma fi na Inna hawa. Na rubuta wa kowa nata. Inna ta leƙa ta danga ta ce, "Kin ga mijina? Ƙarami ne, amma ba ya rowa."

Da wata ya zagayo suka zo tare, jinin kowa ya sauka.

Abin da ta koya mini ke nan: tsoho ba ya ciwo shi kaɗai, ba ya warkewa shi kaɗai. Har yau, ga furfura a kaina, kafin in rubuta wa tsoho magani sai na tambaye shi da wa yake raba goro.